Lakar ramin rogo daga Sunkani

Ana kiran sallar asuba muka bar unguwarmu Sintali a Jalingo, ni da 'yata, da jarkokinmu. Tun rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa, ban taka hanyar Sunkani ba. Amma wanda ya sayi gonarmu ya aiko cewa zai cike ramin da marigayi ke jiƙa rogo, 'yata kuwa lakar ramin take nema. A jami'a tana zuba ɓawon rogo a kwalabe ya ruɓe, wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani su fitar da iska mai kama wuta, wai haidirojin. Kwalabenta sun ƙi fitar da iskar, ga lokacin karatunta ya kusa ƙarewa; ta ce ƙwayoyin da take buƙata suna cikin lakar.

Kuɗin mota ya ninka. Direba ya dubi jarkokin ya ce, "Mama, fetur za ku sayo mana?" Na ce masa taɓo za mu ɗebo. Yana ta dariya har muka wuce masu doya a bakin hanya. A Sunkani muka karya da kunu da ƙosai. Ƙosan yanzu bai fi goro girma ba.

Warin ramin ne ya fara tarbata, tsamin nan da ke bin rigar marigayi har gida, wanda na yi shekaru ina masa faɗa a kai. Na zauna a ƙasa na yi kuka sosai. 'Yata ta naɗe zani ta shiga, ta ɗebo daga can ƙasa, ta toshe bakin jarka, don ƙwayoyin ba sa son iskar waje.

Da la'asar muka iso gida Jalingo. Sai na ga ta ɗora lakar a wuta. Na riƙe hannunta.

"Ke! Abin da ubanki ya bari za ki dafa?"

"Inna, akwai wasu ƙwayoyi masu cinye iskar a ciki. Zafi zai kashe su, masu yi mana aiki su jure."

Da ƙyar na sake ta.

Ta kai lakar makaranta ta zuba a kwalabenta, kullum tana auna tsami da ɗumi, kada su yi yawa, kada su gaza. Jiya ta nuna mini a waya: kumfa na ta tashi a kwalba.

An cike ramin. Na tafi da nufin ban kwana, ashe ƙwayoyin da hannun marigayi ya daɗe yana ciyarwa da rogo ba su daina aiki ba. Yau ma na sa ta sake nuna mini.