Kaset ɗin Gayyar Fulatan

Wata ranar Laraba ce a tsakiyar marka, shekarar alif ɗari tara da tamanin da bakwai. Tun asuba gari ya ɗaure. Ba ruwa ne mai ƙarfi ba, yayyafi ne mai naci, irin wanda ke hana mutum zuwa gona kuma ya gundure shi da zaman gida. Jar laka har idon sawu a Rogo Sabon Gari. Nasidi mai gyaran rediyo ya ja teburinsa can cikin rumfa, ya lulluɓe kayan aiki da buhun taki, yana kallon ruwa na ɗiga daga bakin kwano, sai ga Lurwanu ya faɗo da rikodarsa a ƙarƙashin riga kamar wanda ya ɗauko jariri.

Shi Nasidin nan ɗan manomi ne, haifaffen garin. Ya yi allo gwargwado, boko kuwa bai taɓa shiga ba. Yana saurayi aka kai shi Zariya wurin wani mai gyaran agogo, ya shekara bakwai, daga agogo hannunsa ya koma kan rediyo, sannan ya dawo gida ya kafa tebur. Aikinsa ba a kushe shi. Halinsa ne dai mutane ba su so: ba ya yarda da maganar mai kaya. In ka ce masa rediyo haka kawai ta daina magana, sai ya sansana ta, ya girgiza, ya dube ka ya ce, "Wace rana ta faɗa randa?" Batir sabo fil a cikin takardarsa, sai ya gwada shi da ƙwan tocila. Matarsa Mariya takan ce ko gishiri ta ce ta sa a miya, sai ya leƙa tukunya. Shi ya sa ake kiransa Sai-na-buɗe, kuma bai taɓa jin haushin sunan ba.

Lurwanu kuwa taubashinsa ne, ɗan kawunsa, mai fataucin barkono zuwa Kurmi. Daga can ya sayo rikodar nan mai lasifika biyu, ba ya zuwa ko'ina sai da ita.

"Sai-na-buɗe, yau kunne za ka buɗe, ba sukundireba ba," in ji shi yana karkaɗe hula. "Ka san gayyar da aka yi a Fulatan makon jiya? Baba Barau ne ya yi kiɗa. Na ɗauko shi tun daga bisimilla har tashi. Ka kwafe mini guda biyar."

"Baba Barau na Beli? Ai na ɗauka ya ajiye ganga."

"Ya ajiye? Tsoho ya dawo, kai dai saurara."

Barau mawaƙin noma ne. Duk manomin da ya isa manomi tsakanin Rogo da Karaye, da bakinsa aka san shi. Sulle mahaifin Nasidi ma yana cikin waɗanda yake wa kirari, Nasidi yana ƙarami yana bin kunyoyin gona yana jin sunan ubansa na tashi a kan ganga. Amma shekara biyu kafin wannan rana ya ga Barau a wani suna, ya ji yadda numfashi ke yanke masa a tsakiyar baiti, har ya kawar da kai don kunya.

Aka danna kaset. Farkonsa dai abin da Nasidi ya zata ne: iska na bugun rikoda, ƙarar garma, wani yana neman a miƙo masa fura, can ƙasa kuma muryar tsoho, dusasshiya, 'yan amshi na tallafe da ita. Sai dai a hankali abu ya fara sauyawa. Murya ta soma washewa. Da aka juya kaset ɗaya gefen, sai ga ta ta miƙe tsaf, tana hawa tana sauka, baiti na bin baiti ba wurin hutawa. Kafin a kai ƙarshe, wallahi ka ce Barau na shekara talatin baya ne ya tashi. Mutanen da suka fake wa ruwa a rumfar duk suka yi tsit, wani dattijo har da share ido.

"Ka ji ko?" in ji Lurwanu. "Mawaƙi sai jikinsa ya ɗumama. Na kai wa masu shirya taron manoma na Karaye sun ji, sun aika masa. Bayan kaka zai tsaya gaban manyan baƙi, da lasifika, shi kaɗai za a bar wa fili. Ya ma amsa."

Nasidi ya ce, "Bar mini shi kwana uku."

Abin da ya tsaya masa a rai ɗaya ne. In muryar nan ta gaskiya ce, to madalla. In kuwa ba ita ba ce, za a ɗauki mutumin da ya shekara hamsin ana girmama shi a tsayar da shi gaban jama'ar ƙasa guda, numfashi ya yanke masa, yara su yi dariya, kuma da wannan za a riƙa tuna shi.

Nasidi ya fara da zargin Lurwanu. Ya san taubashinsa da son a ce shi ne. Wataƙila ya samo tsohon ɗauka ya manna a kan sabo. Ya kwance ƙusoshin kaset, ya zura biro, ya bi zaren nan da yatsa tun daga wannan kai har wancan yana neman wurin haɗi. Babu. Sai zarginsa ya koma kan Sunusi, babban ɗan amshin Barau, ko shi ya karɓe waƙar daga baya, tsoho na motsa baki. Ya kara kunne a lasifika, ya maimaita wuri ɗaya ya fi sau ashirin. Barau yana da giɓi, akwai 'yar iskar da ke fita ta nan in ya ja magana, kamar fito. Tana nan a kaset ɗin har ƙarshe. Shi ne, ba wani ba.

Rana ta biyu sai ya bar sauraron mawaƙi, ya koma sauraron abin da ke bayansa. Nan ya fara jin abin da bai yi masa ba. Gangar noma murya gare ta mai kauri, a ciki ake jin ta, amma a ƙarshen kaset ta koma tana ƙara kamar kalangu. Wani jaki ya yi kuka a nesa, kukan ya fito siriri, guntu, kamar na ɗan akuya. Sannan dab da ƙarewa, wani kusa da rikoda ya ce, "Kai, matsa can, kana tare mini!" da 'yar murya irin ta budurwa. Nasidi ya mayar, ya sake ji, ya tuntsire da dariya shi kaɗai. Lurwanu ne.

Da Lurwanu ya biyo da la'asar, Nasidi ya tambaye shi, "Batir ɗin da ka je da shi Fulatan, yaushe ka sa shi?"

"Tun Babbar Sallah. Me ya faru?"

"Da ka dawo fa?"

"Ya mutu a hanya, na sa sabo. Kai wai me kake nema ne?"

Nasidi ya jawo kwandon da yake tara matattun batura, ya riƙa zaɓa yana gwadawa da ƙwan tocila, har ya haɗa shida masu ɗan sauran rai. Ya sa su, ya kunna ƙarshen kaset. Jaki ya yi kuka irin na jaki. Ganga ta koma ganga. Lurwanu ya ce "matsa can" da muryarsa ta gardi. A tsakiyarsu kuma ga Barau, yana jan baiti da ƙyar, yana tsayawa, ana jin ƙirjinsa na kurari kafin ya kamo na gaba.

"Ka gane?" in ji Nasidi. "Batir ɗinka yana mutuwa, kaset na tafiya a hankali, a haka ya ɗauka. Da ka sa sabo sai komai ya kama gudu. Murya ta sirance, wurin hutunsa ya gajarce. Ba tsoho ne ya ɗumama ba, rikodarka ce ta gaji."

Lurwanu ya fizge rikodarsa. "Ka sa mataccen batir ka ɓata waƙa, sannan ka ce ita ce gaskiya? Ko Shata ka sa wa wannan batir ɗin..." sai ya katse, ya yi tsaki. "Ko wa ka sa wa haka zai koma! Hassada ce kawai, don ba rikodarka ta ɗauka ba. Ni ina wurin, da kunnena na ji."

"Da kunnenka ka ji, ko da kaset ka tuna?"

Lurwanu ya juya ya fita. Amma ya manta kaset ɗin a kan tebur.

Washegari da hantsi Nasidi ya ɗaure tasa rikodar a bayan keke, ya nufi Beli. Ya tarar da Barau a zaure kan buzu, ga ganga a gefe an sake mata fata, tana shan iska. Suka gaisa, aka tambayi gida da damina da mutanen Rogo ɗaya bayan ɗaya. Sannan Nasidi ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ya kawo shi, ya kunna kaset ɗin iri biyu.

Barau ya ji duka. Kunnensa ya yi nauyi, sai da ya karkato. Da aka gama ya dubi Nasidi tun daga hula har takalmi.

"Ɗan Sulle, wa ya aiko ka?"

"Ba kowa, Baba."

"Ba kowa. Akwai masu ganga uku a ƙasar nan da ke son filin Karaye. Wanne ne a cikinsu ya san hanyar rumfarka?"

"Baba, da bakinka na san sunan ubana yana da daɗi. Ba zan sayar da kai ba."

"Uhm. Kowa haka yake cewa. Kai ne fa ba ka yarda da kowa, an gaya mini. To ni don me zan yarda da kai da kwandon baturanka?"

"Kada ka yarda," in ji Nasidi. Ya ciro batir shida sababbi, ya ɓare takardarsu a gaban tsohon, ya ciro kaset wanda ba a taɓa ɗaukar komai a kai ba. "Ga mu mu biyu, ba ɗan amshi, ba jama'a. Ka yi baiti uku, in mayar maka. Abin da ka ji, shi mutanen Karaye za su ji."

Barau ya daɗe yana kallon rikodar kamar mai kallon maciji. Sannan ya gyara zama, ya jawo ganga, ya yi gyaran murya. Baitin farko ya fita. A na biyu numfashi ya tsinke, ya kamo, ya sake tsinkewa. Bai kai na uku ba ya ɗaga hannu.

Nasidi ya mayar masa. Tsohon ya sa kunnensa dab da lasifika, ya ji har da tarin da ya yi a ƙarshe. Kaji na tono a ƙofar zaure.

"Wa ya ji wannan?" in ji Barau.

"Ni da kai."

"Ana iya goge shi?"

Nasidi ya danna, suka zauna suna kallon kaset na juyawa har ya shafe.

"Wancan na Fulatan fa," in ji Barau, "mai gudun. Shi ka bar shi yadda yake."

"To, Baba."

A makon nan Barau ya aika Karaye cewa ƙafa ta matsa masa, a yi masa afuwa. Aka ba wani filin. Da yake an ga keken Nasidi a ƙofar gidan, magana ta bazu cewa shi ya je ya kashe wa tsoho gwiwa. Wasu suka ce an biya shi, wasu suka ce halinsa ne, ba ya son ganin abu ya yi kyau. Lurwanu ya karɓi kaset ɗinsa ya kai Kano aka kwafe, ya shekara biyu ba ya tsayawa a rumfar sai gaisuwa daga nesa. Aiki ya ragu, har Mariya ta ce masa, "Malam, ka buɗe baki mana ka faɗi abin da ya faru." Ya ce babu abin da ya faru.

Barau ya rasu bayan damina uku. Kaset ɗin gayyar Fulatan ya zaga, ana sa shi a shagunan shayi da motocin Karaye, ana cewa ga mutumin da muryarsa ba ta tsufa ba. In an kawo wa Nasidi rikoda da shi a ciki, yakan gyara, ya gwada da shi, ya miƙa wa mai ita.

Yanzu shekara goma sha biyu ke nan. Nasidi yana nan a Rogo Sabon Gari, a rumfarsa ta da. Idonsa ya rage, ya bar gyaran rikoda, sai tocila da agogon bango.