Hannun Janduli Bai Tsufa Ba

Na Allah muke dukkanmu, kuma wurinSa za mu tattara.

Ni ne Mai Shari'a Mirza Afzal Beg, tsohon alƙalin babbar kotu a Peshawar ta ƙasar Pakistan, mutumin da bai taɓa buɗe baki aka ce masa "ƙarya kake" ba. Ina zaune a falona ranar Talata, tara ga watan Janairu, labari ya iske ni cewa Janduli na kwarin Birir ya cika da hantsi, kansa bisa cinyar matarsa Zarmas Gul. Na ajiye kofin shayina, ban sake ɗauka ba. Duk wanda takardar nan ta shiga hannunsa, ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, a kantin bakin gada ko a gindin murhu, domin akwai hukuncin da zan yanke a cikinta.

Janduli, da kai nake. Kowane gida na ƙabilarku ta Kalasha, masu addinin gargajiya, yana matse inabi ya yi giya, amma ba kowane gida ke da irin hannunka ba. Wasu sukan zuba duk abin da suka tsinko a kwami ɗaya su tattake, abin da ya fito shi ke nan. Kai kuwa kowane inabi da tulunsa. Akwai baƙi na kan tudu, wanda kurangarsa ke hawa dogayen itatuwa, mai kama harshe. Akwai fari na bakin rafi, zaƙi kamar zuma amma ba ƙashin baya. Sai ƙanana masu tsami, waɗanda tsuntsaye ma ke rainawa. Kakan bar kowanne ya gama fushinsa shi kaɗai, sannan ka zauna da ludayin katako kana haɗawa kaɗan-kaɗan, kana shinshinawa, kana magana da su kamar masu ji. Kakan ce baƙin dattijo ne mai faɗa, farin amarya ce, mai tsamin kuwa shi ne mara kunyar gida, wanda in ya yi yawa ya ɓata zama, in babu shi kuma gidan ya yi shiru.

Ni ban taɓa kai giyarka baki ba, addinina ya hana. Amma na ga fuskokin masu sha. Na ga tsofaffin da suka tako daga kwarin Rumbur suna surutu, suka kurɓa sau ɗaya, kowa ya yi tsit yana kallon cikin ƙoƙonsa.

Alherinka bai tsaya a tulu ba. Shekarar da sanyi ya kashe kurangar wata gwauruwa a ƙasan gari, ka nuna mata itacenka mafi 'ya'ya ka ce ai dama na mijinta ne, mantuwa aka yi. Kowa ya san ba haka ba ne, ba wanda ya tanka. Da 'yarka ta musulunta ta auri Musulmi, ba ka juya mata baya ba. In za a yi yanka a gidanka, surukinka kake miƙa wa wuƙa don 'ya'yanta su ci nama. Ranar matsa kuwa, ruwan farko tun yana zaƙinsa kakan ɗebo wa jikanka ka ce, "Sha maza, abokina, gobe zai bar addininku."

To, ga maganar jikan nan, Rahmat Wali. Ƙato ne har da gemu, karatunsa bai wuce na allo a masallaci ba, kuma tun yana rarrafe ba shi da sana'ar da ta wuce tsokana. Shi ya ɗaura maka ƙararrawar akuya a hula kana barci. Shi ya yi muryar mace a bayan katanga har Kaka Zarmas, wato matarka nake nufi, ta yini ba ta kula ka ba. Amma shi ne ƙafarka tun da gwiwa ta ƙi. Da an ɗage dokar hana tsinkar inabi kafin ya nuna, shi ke hawa itatuwan da ko akuya ta kalla sai ta yi jiri, ya sauko maka da kwanduna. Iyakarsa ke nan. Daga kwami zuwa tulu, a al'adarku in Musulmi ya taɓa, giya ta ƙazantu. Malamin masallaci kuma ya ce in Musulmi ya taɓa, shi ne ya ƙazantu. A nan kaɗai aka taɓa jin bakinka da na Malam sun zo ɗaya.

Kakar bana inabi ya yi kyau irin wanda ka ce rabonka da gani tun kana saurayi. Da ka gama haɗa babban tulu, ka fito idonka na ƙyalli ka ce, "Wannan na tafiyata ne. Ranar da za a kaɗa mini ganga, shi kwari ukun Kalasha za su sha." Ka ɗora masa faifan dutse, washegari za ka liƙe da laka.

Da safe sai ga Rahmat. Ya bi ta bayan rumbu ya tattaka ɓawon inabin da aka zubar, ƙafarsa ta yi jawur har idon sawu, ya zo yana yarfe ta.

"Kaka, giyar nan taka akwai sanyi! Na ɗan tsoma ƙafa in ji ko ta nuna."

Ka dubi ƙafar. "Wane tulu?"

"Babban mana. Ni zan tsaya kan ƙanana?"

Ya zaci za ka rarumi sanda ka bi shi kamar kullum. Ba ka motsa ba. Motar zuwa garin Chitral tana ta oda a bakin gada, shi kuma ya yi alkawarin dako, sai ya ruga yana dariya, da nufin in ya dawo da la'asar ya warware maka. Motar ta lalace a can, ya kwana. Da ya dawo, tun daga gangare ƙamshi ya tare shi. Ƙasar bayan rumbu ta jiƙe, tulun yana kife.

"Kaka, wasa nake! Wallahi ƙafata ba ta shiga ba!"

"Na yi zaton haka, ɗan banza," ka ce, ko ɗaga murya ba ka yi ba. "Amma zato ne. In miƙa wa baƙo abin da ni kaina nake kokwantonsa? Ina kwance ban da bakin ba da haƙuri?"

Ya durƙusa zai yi kuka, ka ɗan buge masa ƙeya.

"Tashi, kana ba ni kunya. Kuma ka kama bakinka. In dattawa suka ji ana wasa da tulu, ba ka ƙara hawa itace a Birir, uwarka ma sai ta ji nauyin shigowa gidan nan. Badi ma shekara ce."

Badin ba ta same ka ba. Kafin nan kuwa, duk wanda ya tambayi babban tulu sai ka ce ya yi tsami, hannu ya tsufa. Amininka Katar Beg ya riƙa yi maka shaƙiyanci a gaban jama'a: "Ashe gwanin ma yana zamewa! A kawo masa madara, ita ce daidai da shi yanzu." Ka yi dariya tare da su. Abin da ka fi ji da shi a duniya ka miƙa aka taka, don kada a taka yaron.

An yi maka jana'iza irin ta manya. Bindigogi sun yi ƙara, mutane sun keto dusar ƙanƙara daga kwari uku, an yanka awaki, an ci cuku da man shanu, an kewaya ka da ganga ana rawa ana kuka. Amma giyar ta aro ce, wannan gida tulu, wancan gida tulu. Da mai yabo ya miƙe, ya yabi kakanninka, ya yabi garkenka da buɗaɗɗiyar ƙofarka. Da ya zo kan giya sai ya ce, "Ya yi hannu a zamaninsa." Rahmat yana tsaye da itacen wuta a kafaɗa. Ya jefar, ya je ya kama rigar Katar Beg ya faɗa masa kome. Tsohon ya share hawaye ya ce, "Haba Rahmat, ko yau ba za ka bar wasa ba?"

Don haka ga hukuncina. Tulun Janduli bai yi tsami ba. Da hannunsa ya tuntsurar da giyar da ta fi kowace kyau a rayuwarsa, saboda ƙaryar wani wawa, sannan ya ɗauki kunyar ya aza wa kansa. Mai yabo ya gyara bakinsa. Katar Beg ya janye maganar madara. Abin da dattawa suka ga ya dace da yaron, su yi masa, ya cancanta. Uwarsa dai ba ruwanta.

Malam ya ce akwai addu'ar da ba ni da izinin yi maka, ban kuwa isa in ja da shi ba. Na bar ka ga Wanda Ya halicce ka, Ya fi kowa sanin abin da ke cikin tulu kafin a buɗe, kuma rahamarSa ta fi kwarin nan faɗi. Allah Ya ba Zarmas Gul haƙuri, Ya sanyaya zuciyar 'ya'yanka na gidan al'ada da na gidan salla, Ya raya kurangar da ka bari, Ya sa mu cika da kyau.

Saura magana ɗaya. Babu wani Mirza Afzal Beg. Ban taɓa ganin Peshawar ba, falo kuwa ko a mafarki. Na ari rawanin alƙali ne don na san in da sunana na fara, da kun yi dariya kun kunna wuta da takardar. Yanzu kun riga kun ji. Ni ne Rahmat Wali, jikan Janduli. Ka ce in kama bakina, Kaka, ga shi na sake saɓa maka. Jama'a, wallahi wannan karon ba wasa nake ba.