Sallama ta Bayan Gilashi

Dattijon yana tsaye a wajen wani babban kanti, hularsa ta koɗe, yatsunsa duk tabon yanka. Aikinsa sa gilashi. Guguwar makon jiya ta ɗauko kwanon rufi ta maka wa tagar gaba. Gilashin ya tsattsage kamar saƙar gizo-gizo, amma bai zube ba, don falle biyu ne da roba a tsakani. Yau ya sa sabo.

Yana shafa shi da tsumma, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa: "Ka tsare su, ka ji ko? Damina da saura." Da gani ya saba hira da kayan aikinsa; wataƙila a gida babu mai ce masa sannu da dawowa.

A ciki ma'aikatan kantin sun kewaye shayi, ana ta dariya. Ya saɓa jakarsa, ya ɗaga musu hannu.

"To, 'ya'yana, ni na tafi."

Ba wanda ya waiwayo. Gilashin da zai tare kwano ya tare sallamarsa ma. Ya ɗan jira, ya goge shatin yatsansa na ƙarshe, ya juya.