Inci Takwas

Shekara huɗu ke nan ina tseren mota a wani filin jar ƙasa da ke kudancin jihar Maryland a Amurka, tafiyar awa guda daga gidana a Mitchellville. Ranakun aiki ni injiniyan bututun ruwa ne. Ranar Asabar kuwa sai in cusa kaina cikin hular kwano, in shiga wata tsohuwar mota da na cire wa kujeru da gilasai. Matata ta ce tsufa ne ya zo mini a karkace. Ban musa mata ba, ban kuma fasa ba.

Dokar rukunin motocin da nake tsere a ciki ita ce kada faɗin taya ya wuce inci takwas. Wannan doka ce ta ba irina damar shiga. Siririyar taya ba ta kama ƙasa sosai, don haka komai ƙarfin injinka, in ka danna wuta a kwana sai bayan motar ya wulwula da kai. Hannu ake so, da haƙuri. Ni kuwa a taɓon hanyar ƙauyenmu na koyi tuƙi. Injina ƙarami ne, amma sau biyu ina zuwa na uku.

Sai masu manyan injuna suka kawo shawarar a mai da faɗin inci goma. In aka yi haka tayarsu za ta manne da ƙasa, ƙarfi kawai zai yi aiki, ni kuma na zama ɗan rakiya.

Aka kira taron direbobi a rumfar filin da hantsi. Mai filin wani dattijon Bature ne da ya haura saba'in. Baba nake kiransa tun ranar farko, yana amsawa yana dariya. Shi ya karanta shawarar, ya ce a ganinsa babu laifi. Sannan ya ɗago ya ce, "Akwai mai ja?"

Bakina cike yake da magana. Amma babba ya gama faɗin ra'ayinsa a gaban mutane, ni wane ne da zan tashi in kwance masa? A gidanmu ba a yin haka. Ana bari taro ya watse, a bi dattijo har gida, a gaishe shi, sannan a faɗa masa a hankali. Na sunkuyar da kai. Da aka ce waɗanda ba su yarda ba su ɗaga hannu, nawa yana kan gwiwa. Da hannu ɗaya tak suka rinjaye mu.

Washegari na sayi kilishi a garin Landover, na nufi gidansa. Na tambayi jikinsa, da iyali, da ƙafarsa mai ciwo, har karensa sai da na tambaya. Sannan na zayyana masa komai. Ya saurare ni yana tauna, yaji yana sa shi hawaye.

"Duk abin da ka faɗa gaskiya ne," in ji shi. "To me ya hana ka faɗa jiya? Ni ma jira nake wani ya ja da ni. Yanzu an riga an rubuta, sai baɗi."

Na ji haushi ƙwarai, kuma haushin kaina ne. Na dawo gida ko gaisuwar maƙwabta ban amsa da kyau ba.

Amma dokar cewa ta yi kada a wuce goma, ba ta ce dole sai goma ba. Na bar tayoyina yadda suke. Shekarar nan duka a baya na ƙare, ina shan ƙurarsu, ina tofar da jar ƙasa.

"Malam, wannan taurin kai na mene ne?" in ji matata, tana kaɗe mini riga. "Ka sa irin tasu mana ka huta."

"Ko na sa, injina ba zai ja ta ba," na ce. "Ko zai ja ma, ba na so."

Da shekara ta zagayo aka sake taro a rumfar nan. Baba ya fara cewa dokar taya tana nan yadda take, bai kai ƙarshe ba na miƙe. Na haura hamsin a duniya, ban taɓa katse babba ba sai ranar.

"Baba, ban yarda ba," na ce.

Na faɗi duk abin da na haɗiye bara. Na ce mai son ya gwada ƙarfin inji ya hau babbar hanya, nan wurin gwada hannu ne. Wasu suka yi dariya. Kowa ya riga ya saba da faffaɗar taya, har waɗanda muke tare da su bara. Da aka zo ɗaga hannu, nawa ne kaɗai a sama.

"Na ƙirga ka," in ji Baba. "Kana iya saukewa."

"Wannan na bara ne, Baba," na ce. Na ɗaga ɗaya hannun. "Ga na bana."