Ranar da Baba Ya Bar Rijiyar Bariki

Wata Laraba ce a tsakiyar bazarar 1954, ina da shekara tara, Inna ta ɗora mini ƙwaryar fura a ka ta ce in kai wa Baba bariki. Rana ta take, yashin hanya yana ƙona mini tafin ƙafa, sai gudu nake daga wannan inuwa zuwa waccan. Bariki shi ne gidan da Turawa ke sauka a bayan gari idan sun zo rangadi, an kewaye shi da jerin fararen duwatsu. Mu yaran Wudil ba ma tsallake duwatsun nan. Ko akuyarka ce ta shiga, sai dai ka tsaya daga nesa ka yi ta kiranta.

Mahaifina, Malam Habu, haƙan rijiya ne sana'arsa. Daga Utai har Ɗankaza da wuya ka sha ruwa a ƙauye ba na hannunsa ba. Rijiyar barikin ma shi ya haƙa ta tun ba a haife ni ba. A shekarar nan ruwanta ya ja baya, aka kira shi ya yashe ta, domin wani Bature ya sauka da matarsa za su yi wata guda.

Ranar aiken Inna ya sa na tsallake su, na tarar Baba ya fito daga rijiyar ke nan. Tun sassafe yake ciki, laka ta rufe shi har wuya, ƙirjinsa na sama da ƙasa. Kukun barikin, wani dattijo mai sanyin hali da ake kira Baba Audu, ya dube shi ya ji tausayi, ya shiga madafa ya kawo masa ruwa a wani kofin tangaran mai zanen fure. Baba ya yi bismillah ya kafa kai. Bai sauke ba muka ji ihu daga baranda. Matar Baturen ce ta sauko, fuskarta ta yi jajir, tana ta faɗa da Turanci tana nuna kofin. Ta zaro hankici ta naɗe hannunta, ta karɓe shi da yatsa biyu, ta rotsa shi a kan dutsen bakin rijiya. Wani ɓallin ya faɗo daidai ƙafata.

Baba ya juya wajen kuku. "Me ta ce, Audu?"

Baba Audu ya sunkuyar da kai. Sai da aka sake tambayarsa sannan ya ce, "Cewa ta yi bakin baƙar fata ya taɓa shi, ba zai ƙara shiga ɗakinta ba."

Baba ya dubi fasasshen kofin a ƙasa. Sannan ya ce, "To ka tambaye ta, ruwan da za ta sha anjima, jikin wa ya wuni a cikinsa?"

"Ka rufa mini asiri, Malam Habu. Ina da iyali."

Baba bai matsa masa ba. Ya naɗe igiyarsa, ya ɗauki dagi da kwando, ya sallami mutum biyun da ke ja masa ƙasa, ya ce da ni, "Hajara, ɗauko furarki mu tafi." Har muka isa gida, furar ko buɗe ta ba a yi ba.

Gidanmu a lokacin kullum cike yake da motsi. Da asuba a ji tashin turmi, mu 'yan mata mu tafi kogi ɗiban ruwa, mu dawo mu yi shara, mu ba tumaki harawa, da yamma bayan makarantar allo mu baje muna 'yar carafke a gindin tsamiya. Amma ranar ban iya wasa ba. Na laɓe a bayan rumbu da sabulun salo da wani dutse mai kaushi, na dinga dirzar bayan hannuna, ina ganin ko wani datti ne a jikinmu da ba mu iya wankewa ba. Sai da wurin ya saɓule ya fara jini. Nan Baba ya same ni. Ya tsuguna, ya karɓe dutsen ya jefar, ya riƙe hannuna cikin nasa mai kanta, ya daɗe yana kallo. Ban taɓa ganin idonsa ya kawo ruwa ba sai ranar. "Wannan ba datti ba ne, uwata," in ji shi. "Da wannan fatar Allah ya aiko ki, da ita za ki koma gare shi. Kada in sake ganin kin ji kunyarta."

Washegari aka aiko ya koma ya ƙarasa aikin, ya ce ba zai koma ba. Aka sake aikowa, ya maimaita. Rana ta uku aka tafi da shi, aka tsare shi kwana biyu, wai ya yi wa Bature rashin kunya. Inna ta yi kuka ta roƙe shi ya je ya ba da haƙuri, 'yan'uwansa ma suka taru a zaure suna cewa ba a ja da masu mulki. Ya ce da su, "Haƙurin me zan bayar? Ƙishirwa na ji, na sha ruwa." Daga nan aka daina ba shi duk wani aikin hukuma. Daminar shekarar a gonar kakanmu ta Lajawa muka yi ta, muka ci tuwon dawa da miyar kuka har muka manta ɗanɗanon nama. Baba Audu kuwa duk da shirun da ya yi, a makon aka kore shi. Da ya zo gidanmu da 'yan komatsansa yana jin nauyin haɗa ido da Baba, sai Baba ya tashi ya shimfiɗa masa tabarma, daga baya ya yanka masa gefen gona. Tare suka yi noma har ƙarshen rayuwar dattijon.

Yau na tsufa, barikin ya rushe, gidaje sun cinye wurin. Jikokina kan dawo daga makaranta su karanta mini cewa duk ɗan Adam daidai yake da ɗan'uwansa, ba ruwan doka da launin fata, kuma suna faɗar haka kamar abin da aka haife su da shi. Nakan ji daɗi, sannan in tuna Baba, wanda bai san harafin boko ko ɗaya ba, ya tsaya shi kaɗai a lokacin da babu wata takarda da za ta tsaya masa. Ina kewar muryarsa ƙwarai. Har ya koma ga Mahaliccinsa, babu wanda ya zo ya ce masa, "Malam Habu, an zalunce ka."