Ranar Da Na Yi Wa Mai Gurmi Salla

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ba na jin zai iya ɗauke safiyar da na tsaya gaban jama'a na ja sallar gawar abokina, ni da ko magariba ban taɓa ja wa kowa ba.

Abokin nan nawa makaɗin gurmi ne. Tare muka tashi a Dutse, tun garin bai cika da ofisoshi da baƙin ma'aikata ba. A lokacin ba ni da abin da ya fi mini littattafan soyayya na haya. In an yi la'asar sai mu hau dutsen da ke bayan unguwarmu, itatuwan dabino na kaɗawa a ƙasanmu, rana na zuba wa duwatsu wani ja kamar lalle. Ni in karanta, shi ya ɗauki kalaman ya ɗora su kan tsirkiya.

"Kai ɗan littafi," in ji shi, "wai ita yarinyar labarin nan ba ta cin tuwo ne? Tun shafin farko kuka take yi."

"Kai dai kaɗa, ba a tambaye ka ba."

Sai ya yi dariya ya kaɗa. Wallahi in ya fara, sai in ji kamar dutsen ya tashi da mu sama, garin ya koma ƙanƙani, 'yan matan da ke cikin littafin su fito su zauna kusa da mu. Waƙar da ta sa matata ta fara saurarona ma shi ya rera ta a kaset, na kai mata a matsayin saƙon zuciyata.

Yana da wata ɗabi'a. Duk sanda ya gama kiɗa sai ya sassauta tsirkiyar, ya zare ɗan icen da ke ɗaga ta ya jefa aljihu. Na taɓa yi masa tsiya a kai, ya ce, "Fatar ma tana son hutu. In ka bar ta a ɗaure kullum, wata rana za ka tashi ka tarar ta tsage."

Da shekarun shari'a suka zo, kiɗan biki ya ja baya. Masu gayyatarsa suka koma gaishe shi daga nesa. Ya tafi Ringim yana lodin kayan gwari, ya dawo ya rame, maganarsa ta ragu. Ba zan ce wannan ne dalili ba, domin har yau ban san abin da ya yi masa nauyi haka ba. In ka tambaye shi, sai ya yi murmushi ya ce lafiya lau. Wata safiya aka buga mini ƙofa aka ce ya kashe kansa.

Na isa gidansu kamar mai tafiya cikin barci. An yi masa wanka, an sa likkafani, an fito da makara ƙofar gida. Mutane sun taru, amma kowa ya tsaya nesa-nesa, wasu a jikin katanga, wasu a gindin darbejiya, ana ta ƙus-ƙus. Na ji wani yana cewa, "Makaɗi ne fa, ga kuma yadda ya tafi." A nan na gane abin da ke shirin faruwa: za a iya ɗaukarsa zuwa maƙabarta ba tare da an yi masa salla ba.

Limamin unguwarmu, dattijo mai sanyin murya, ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallon makarar. Na matsa na durƙusa.

"Allah gafarta Malam, ana jiran ka."

Ya ce, "Ɗana, ni ba zan shiga gaba ba. Haka muka tarar ana yi, don kada wani ya ga abin da sauƙi. Amma ban ce kada a yi masa salla ba. Musulmi ne, haƙƙinsa ne a kanku." Ya ɗaga murya ya ce, "Wani ya shiga."

Babu wanda ya motsa. Iska ta taso ta ɗaga gefen tabarmar da aka rufe shi da ita, ta mayar. Sai na ji muryar mahaifiyarsa daga cikin zaure, a dushe, ba kuka ba ihu.

"Ɗan littafi, kai ma tsayawa za ka yi kana kallo?"

Ban taɓa sanin ta san wannan sunan ba. Na ce, "Inna, ban iya ba."

"Shi ma da ya fara kaɗa maka bai iya ba."

Ban san sanda ƙafafuna suka kai ni ba. Liman ya matso kusa da kunnena ya tuna mini yadda ake yi: kabbara huɗu, babu ruku'u babu sujada, addu'a a tsakani. Sannan ya ja baya.

Na ɗaga hannu na yi kabbara, ban san ko akwai mutum ɗaya a bayana ba. Cikin shirun nan na ji ganyen dabino na gogar juna daga nesa, sautin ya yi mini kama da sanda yake gwada tsirkiya kafin ya fara. Na gan mu a kan dutse, yana dariyar yarinyar da ba ta cin tuwo. Na roƙi Allah da duk kalaman da na sani, har da waɗanda ba na littafin addu'a ba ne. A kabbara ta biyu na ji takun takalma. A ta uku, muryoyin da suka amsa sun fi ƙarfin tawa.

Da na yi sallama na waiga, sahu ya kai har gindin darbejiyar. Na ga angwayen da ya yi wa kiɗa, na ga 'yan lodin Ringim, na ga har wanda ya ce makaɗi ne fa, yana share ido da hularsa. Liman na tsaye a gefe, tafukansa a buɗe, leɓunansa na motsi.

Bayan sadakar bakwai Inna ta miƙo mini gurmin a cikin buhu. Na duba, na tarar tsirkiyar a ɗaure tam, fatar ta tsage daga gefe. Ashe ya daɗe bai sassauta ta ba.

Gurmin na rataye a ɗakina har yau, ban gyara ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne, wanda yake sa mu nishaɗi shi ma yana gajiya, kuma "lafiya lau" ba kullum take nufin lafiya ba. In ka ji ta daga bakin naka, zauna kusa da shi, ka sake tambaya. In kuma ya riga ya tafi, kada ka tsaya a jikin katanga kana yanke masa hukunci. Hukunci na Allah ne. Naka shi ne ka shiga sahu, ko da kai kaɗai ne za ka fara.