Maƙerin da Ya Ce Kurfin Nasa Ne

Shekara da shekaru, kafin kanikawan bayan tashar mota ta Daura su gama shan shayi, Baba Sha'aban ya riga ya hura wutarsa. Daga gida yake tahowa a kan wani tsohon babur, da buhun gawayi ɗaure a baya. Ya share rumfar da kansa, ya yayyafa ruwa, ya yi bisimilla, sannan ya zauna gaban uwar maƙera. Ba ya ƙera fartanya, ba ya ƙera wuƙa. Abu biyu kawai ya tsaya a kai: kurfi, wanda kanikawa ke ce wa cizal, na yanke noti ko ƙusar da ta yi tsatsa ta ƙi kwancewa, da madoshi, na fitar da fin ko boris da ya maƙale. A watan jiya wutar nan ta mutu, kuma shi ya kashe ta da hannunsa. Dalilin da ya sa ya kashe ta ne ya sa na ɗauki biro.

Ni ba bakanike ba ne. Malamin makaranta ne ni, mai wata tsohuwar mota da ta fi sanin gareji a kan ƙofar gidana. Matata ma ta ce in mayar da katifata can in huta. To, zaman jiran gyara ne ya sa na san rumfar Baba Sha'aban, don a nan inuwa take, kuma a nan ake hira mai daɗi.

Aikinsa ba ya ɗaukar ido. Yakan je wajen masu kwancen mota ya zaɓi sifirin tsohuwar babbar mota, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne, ya ajiye wannan ya ɗauki wancan. Ya kawo ya yanka, ya gasa, ya daka har ya fito da siffar da yake so. Duk wannan, in ji shi, kowane mai ƙarfin damtse zai iya. Inda aikin yake shi ne tsomawa. Bayan ya tsoma bakin kurfin a mai ya fitar, sai ya goge shi da dutse ya zuba masa ido, yana kallon zafin da ya rage a jikin ƙarfen yana gangarowa zuwa baki. Launi ne ke tafiya. Da farko kamar busasshen kara, sai ya koma kamar zuma, sai ya fara yin wuyan kurciya. A nan yake sake tsomawa. In ka yi gaggawa, ƙarfen ya yi tauri fiye da kima, ranar da aka doke shi ya fashe ya yi tsartuwa. In ka yi jinkiri, ya yi laushi, bakin ya lanƙwashe a kan noti na farko. Ƙeyar kurfin kuwa, inda guduma ke sauka, da gangan yake barin ta da ɗan laushi. A lokacin nan ko sallama ka yi ba zai amsa ba sai ya gama, sannan ya ɗago ya ba ka haƙuri.

Kowane kurfi da madoshi da ya fita daga hannunsa yana da ɗigo uku a gefe, alamarsa ke nan. Da ɗigon nan ake tinƙaho daga Daura har Sandamu, Mashi da Babban Mutum. Na taɓa ganin kanikawa biyu, manya da gemunsu, sun yi kwana da kwanaki ba sa ga-maciji saboda ɗaya ya ari madoshi mai ɗigo uku ya mayar da wanda ba shi da shi. Da kayan kwali masu sheƙi suka cika kasuwa, jere cikin jakar roba kamar kayan lefe, an zaci Baba zai yi ta kushe su. Bai yi ba. Cewa yake, “A cikinsu akwai na kirki, akwai na banza. Sheƙi dai ba ya yanka noti.” Kuma duk garejin da ya bi ya ga ƙeyar kurfi ta baje ta yi lema saboda duka, ko ba nasa ba ne, sai ya karɓe ya gyare ta a dutse, yana faɗa. Ya ce gefen nan da ya baje shi ne ke ɓallewa ya nemi ido.

Kai ne mai ɗigo uku, Baba. Kai ne wanda kanikawa ke rantsuwa da aikinsa ba tare da sun duba ba. Wannan yardar ce ta kusa rufe gaskiya ranar da abin ya faru.

Sabiru shi ne bakaniken da ke fama da motata, magidanci ne mai ’ya’ya, hannunsa kuma na da kyau. Wata ranar Laraba yana ƙarƙashin wata babbar mota yana yanke noti, kurfin ya fashe, ɓarɓashin ya shige masa idon hagu. Aka kwashe shi zuwa asibiti, daga nan aka wuce da shi Kano. A akwatin aikinsa akwai kurfin Baba, akwai kuma sabon jerin na kwali da ya saya bai daɗe ba. Babu wanda ya tsaya tambayar wanne ne ya fashe. Kowa ya san amsar, a ganinsa. Na Baba ba ya fashewa.

Washegari da hantsi na je garejin. Kanikawa sun taru, rai a ɓace, ana shirin tafiya shagon mai sayar da kayan aiki a yi masa ca, wasu har suna cewa a kwashe kayan a zubar masa a titi. Sai ga Baba Sha'aban ya faka baburinsa. Ya yi jaje, sannan ya ce a nuna masa kurfin. Aka ce ai ba a ma neme shi ba. Dattijon nan ya tattare rigarsa ya durƙusa, ya shiga laluben ƙasa a ƙarƙashin motar har ya zaro guntun, baƙi ƙirin da mai. Ya goge shi da bakin rigarsa. Na lura bai kai shi kusa da ido ba, babban yatsansa ya bi gefen da shi. Ina tsaye kusa da shi, kuma na tabbata da ya jefa guntun nan a aljihu babu mai cewa uffan.

Ya miƙe ya ce, “Ku bar bawan Allah da shagonsa. Wannan nawa ne.”

Wani ya ce, “Haba Baba, duba dai da kyau.”

Ya ce, “Na duba. Ga ɗigona nan. Ni na ƙera shi, ni na tsoma shi, kuma na tsoma shi da wuri.”

Ni kaina na ji kunya ta kama ni, don ina cikin masu zugawa a tafi shagon.

Abin da ya biyo baya daga bakin matarsa, Inna Kubura, na ji shi. Ta ce da ya koma gida bai ci abinci ba. Ya ɗauko wani guntun ƙarfe ya gasa a murhunta, ya goge, ya ce ta tsaya kusa ta riƙa faɗa masa launin da take gani. Inda ya ce zuma ta wuce, ita ta ce, “Malam, ni fa har yanzu kara nake gani.” Suka sake, haka. Da aka kai shi wajen likita aka ce yanar ido ce ta fara rufe masa gani, tana sa komai ya yi masa duhu-duhu, ja-ja. Ashe tun wajen damina idon ke yi masa ƙarya bai sani ba. Likita ya ce ana iya yin aiki a cire. Baba ya ce a yi, yana so ya ga jikokinsa da kyau, amma ko an yi ba zai koma gwada idonsa a kan idon ɗan wani ba.

Wani a nan zai tsaya, ya ce ya faɗi gaskiya, ya sauke nauyi. Shi lissafinsa daban ne: duk kurfi da madoshin da ya ƙera tun daga damina suna nan a akwatunan mutane, kuma kowanne ana ɗaga masa guduma kullum. Sai ya sauko da kayan da ke rataye a bangon rumfarsa, nasa na kansa, waɗanda ya ƙera tun idonsa na garau yake aiki da su. Ya zuba a buhu, ya sa ɗan ƙaninsa ya goya shi a babur, suka shiga gari-gari. Duk garejin da suka tsaya sai ya ce a fito masa da abin da aka karɓa a wurinsa bana. Ya karɓe, ya ba da tsoho a madadinsa. A Sandamu sai da suka bi wani mai gyaran injin ban-ruwa har gona. A Mashi, inda masu gyaran babura suka yi yawa, ya wuni yana bin rumfuna yana maimaita magana ɗaya da bakinsa: aikina na bana ba shi da kyau, ku ba ni. Ku auna nauyin wannan magana a bakin mutumin da sunansa ne kaɗai jarinsa.

A Babban Mutum ya haɗu da gardama. Akwai wani bakanike, Abdulmuhaimin, mai taurin kai kamar kurfin da aka tsoma da wuri. Ya ce shi nasa lafiya lau yake, ya yanka noti da shi ba adadi.

“Baba, in sabo kake so ka sayar mini, ka faɗa kawai,” in ji shi.

Baba ya ce, “Ɗana, ba sayarwa na zo ba. Karɓa na zo yi.”

“To ni ban bayarwa.”

Baba ya ajiye buhunsa. Ya nemi wata tsohuwar taya a bakin garejin ya zauna. Aka yi azahar yana nan, aka yi la'asar yana nan. Masu kawo gyara suna tambaya lafiya, yana gaya musu dalili dalla-dalla. Da Abdulmuhaimin ya ga abin zai zama abin magana a gari, ya fito da kurfin yana gunaguni. Baba ya sa aka ɗaure kurfin a bakin maƙata, abin matse ƙarfe, ya rufa masa buhu, ya ce kowa ya ja baya, ya doki kurfin da guduma sau ɗaya a gefe. Da aka ɗaga buhun, bakin ya tarwatse kamar kwalba. Abdulmuhaimin da kansa ya ba ni labarin nan, ya ce da safen nan ma ya yi aiki da shi fuskarsa dab da noti.

Da Baba ya dawo Daura, buhunsa cike yake da aikin bana, bangon rumfarsa kuwa babu ko madoshi ɗaya. Ya haƙa rami a bayan rumfar ya binne su duka, don kada wani ya tsinta. Sannan ya ɗebo ruwa ya zuba wa wutar. Ina wurin, kuma ban ɓoye ba, hawaye na yi. Shi kuwa sai tsokanata yake, wai in adana hawayen saboda ranar da motata za ta mutu gaba ɗaya.

Abin da ya rage kowa na jira shi ne dawowar Sabiru. Baba ya je duba shi a Kano, amma lokacin idon na naɗe, ga ’yan uwa cike da ɗaki, ba a yi wata magana ba. An ceto idon, sai dai ganinsa ya ragu ƙwarai, kuma an ce haka zai zauna. Mutum ne mai iyali, da ido yake ci. Babu wanda zai ga laifinsa in ya ɗauke kai daga dattijon har abada.

Ranar da ya koma aiki, sai ga shi ya nufo rumfar da jaka a hannu. Baba na zaune a kan benci, wurin babu wuta babu hayaƙi. Sabiru ya durƙusa ya gaishe shi, ya zazzage jakar: kurfi da madoshi na kasuwa kala-kala, ya karɓo daga shago a kan zai zaɓa ya mayar da saura.

Ya ce, “Baba, zaɓa mini.”

Baba ya dubi kayan. Sannan ya ce, “Sabiru, ni da na ci maka ido?”

Sabiru ya ce, “Baba, duk garin nan wa zai gaya mini gaskiyar ƙarfe in ba kai ba? An ba ni labarin abin da ka ce a gareji. Babu wanda ya tambaye ka.”

Dattijon ya share fuskarsa da hannun riga, ya ce a miƙo masa magagari. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya goga a ƙeya: in magagari ya ci, ya ce wannan ƙeyar za ta ɗauki duka, in ya zame, ya ture shi gefe. Ya goga a baki: in ya ci da sauƙi, ya ce wannan ƙarfen ƙofa ne aka yi wa fenti. Ya rataya kowanne a zare ya ƙwanƙwasa ya saurara, ko akwai tsaga a ciki. Duk wannan ba ya bukatar launi. Ya ware masa kaɗan, sannan ya ce, “Ko waɗannan, kada ka ƙara ɗaga guduma babu gilashi a idonka. Saura ɗaya gare ka mai kyau.” Tun daga ranar, duk bakaniken da zai sayi kayan aiki a Daura sai ya biyo ta bencin nan.

Baba Sha'aban, mun gode. Ina alfahari da cewa a garinmu kake, kuma na zauna a inuwar rumfarka. Allah ya ba da sa'ar aikin idon da za a yi maka, ya saka maka da alheri, ya sa ka gama lafiya. Mun gode da kurfin da ka ƙera mana shekara da shekaru, mun kuma fi gode wa waɗanda ka bi gari-gari ka karɓe.

Sauran mu kuma, masu gini da masu ɗinki, masu allura da mu masu alli, kowannenmu yana da aikin da ya fita daga hannunsa yana yawo a cikin mutane. Ranar da ɗaya ya fashe, a ce an samu wani a cikinmu da zai durƙusa ya lalubo guntun, ya miƙe a gaban jama'a ya ce nasa ne.